Zagaya Kano da ƙanne ba sai aljihu ya yi nauyi ba

Hutu ya matso, kuma mun san halin da gida ke shiga idan ƙanne suka yi mako guda ba makaranta: faɗa a kan waya, kuka, da "Yaya, yaushe za ka kai mu yawo?" Da an ce yawo sai hankali ya tafi wuraren lilo da manyan kantuna, inda kuɗin shigar yaro ɗaya zai ci cefanen yini. Daga nan Baba ya ce a bari sai wata ya ƙare, shi ke nan zance ya mutu. Alhali a Kano wuraren da suka fi cancantar a gani su ne mafi araha.

Ba kuɗin ƙofa ne ke cinye guzuri ba, kuɗin adaidaita ne da kwaɗayin hanya. Saboda haka a zaɓi wuraren da ke kusa da juna, a sauka sau ɗaya, sauran a taka da ƙafa. Cikin gari ya dace da wannan tsari.

A fara da Gidan Makama, daura da gidan Sarki. Nan ne aka ce Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, wanda ya riƙe daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. Yara za su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da hotunan lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya irin na da mai jeren kwanoni. Ƙannenmu mata a nan suke maƙalewa. Kada a yi sauri. A bar su su ɗaga kai su kalli rufin soro, su yi wa mai zagayawa da baƙi tambaya, domin aikinsa ke nan. 'Yan aji uku da ke haddace sunayen sarakuna don jarrabawa, awa ɗaya a nan ta fi karatun dare biyu.

Daga nan a gangara karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498. Ramuka ne a ƙasa, ana haɗa baba da toka da ruwa a bar su su tsima. Abin da ke ba yara mamaki shi ne yadda ƙyalle ke fitowa daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsu. Wurin sana'ar mutane ne, don haka a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma ware ɗan na goro.

Kasuwar Kurmi kuwa, mu dai ba ma ba da shawarar shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai. Lungunanta ƙanana ne, cunkoso ya yi yawa, ga kayan fata da duwatsun wuya masu sa yaro ya kafe sai an saya masa.

Dutsen Dala a ba shi ranarsa daban, da sassafe ko bayan la'asar, don da tsakar rana matakalar nan sai ta sa babba ma ya yi haki. A sama ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da rufin unguwanni iya ganin ido. Nan ne wurin ba su labarin Barbushe da Tsumburbura. A riƙe hannun ƙanana, gefen dutse ba wurin guje-guje ba ne. Gidan Zoo na Audu Bako ma yana da sauƙin kuɗi, amma a kauce wa ranakun Sallah, lokacin da layin shiga kaɗai zai ƙarar da haƙurin yaro.

Batun ciki: a dafa a gida. Ɗanwake ko dafa-duka a kula, ruwa a gora, ƙwai biyu-biyu. A gaya wa yara tun daga gida cewa kowa abu ɗaya za a saya masa, ya zaɓa da kyau. Kuɗin komawa a cusa shi a aljihu daban, kada a taɓa shi ko da mai askirim ya biyo ku har bakin titi. A yi ciniki da mai adaidaita kafin a hau, a faɗa masa adadinku.

Kada babba ɗaya ya ɗauki yara fiye da uku. Idan sun fi haka, a nemi ɗan uwa ko abokiyar aji a raba su. A rubuta lambar wayar Umma ko Baba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a nuna musu inda za a tsaya idan an rabu. A faɗa wa iyaye wuraren da za a je, kuma a kasance a gida kafin magariba.