Bargon Jariri Daga Ƙyallayen Tela



Duk wanda ya taɓa zama a rumfar tela ana jajibirin Sallah ya san irin tarin ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin keke. Da maraice yaron shago ya share, ya ɗura a buhu, a kai juji ko a cinna masu wuta. Ga atamfa, ga shadda, ga yadi, kowanne da kuɗi aka saye shi, amma don bai wuce faɗin tafin hannu ba sai ya zama shara. A wannan mako ina so mu dubi abin da mace mai keken ɗinki a ɗaka za ta iya yi da wannan shara, watau bargon jariri mai rufi uku, wanda Turawa ke kira kwilt.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, da ƙanwata ta kusa haihuwa, uwargidana ta ce ita ba za ta sayi kayan barka a kasuwa ba, da hannunta za ta ɗinka. Ta yi mako biyu tana haɗa ƙyallaye, abu ya fito gwanin sha'awa. Wankin farko jan ƙyalle ya zuba a kan fari, audugar ciki ta dunƙule ta koma kusurwa guda kamar curin fura, bargo ya karkace. Na yi dariya, na kuwa sha harara. Sai dai wannan asara ce ta sa muka zauna muka bi sawun aikin tun daga tushe.

Kada wani ya ɗauka ɗinke auduga tsakanin tufa biyu baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifida, su da dawakinsu cikin lifidi, wanda ba kome ba ne illa tufa da aka cusa wa audugar rimi aka bi ta da ɗinki layi layi don kada kibiya ta ratsa. Tarihin sarautar Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi. Dabarar guda ce, sai dai mu mun ba ta ga mayaƙa, wasu kuwa suka ba ta ga mata a cikin gida.

A Amurka ne aikin ya zama sana'ar mata sosai, musamman bayan Isaac Singer ya sami rajistar kekensa a 1851, keke ya soma shiga gidaje. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen mata jikokin bayi sun yi shekara da shekaru suna yayyanka tsofaffin wandunan aiki na mazansu suna harhaɗawa, ba don ado ba, don sanyi. A 2002 aka baje barguna nasu a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma gidan waya na ƙasar ya buga hotunansu a kan sarki. Tsumman talaka ke nan.

To, yaya ake yi? Rufi uku ne: fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye, da auduga a tsakiya, da shafi na baya wanda yake ƙyalle guda. Kafin almakashi ya taɓa kome, a wanke dukan ƙyallayen, kowane launi daban, a shanya, a goge. Auduga takan tsuke a wankin farko, rini kuma yakan zuba, gara su yi haka tun ba su shiga bargo ba. Wannan shi ne kuskuren farko na gidana. Har ila yau a tabbata ƙyallen na auduga ne, gama wani abin da ake kira atamfa a kasuwa gauraye yake da zaren roba. Gwajin ba wuya: a zare ɗan zare a kusantar da shi ga ashana. Na auduga zai ci ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule.

Ga lissafi mai sauƙi ga mai farawa. A yanka ƙyallaye 80, kowanne inci 5 tsawo, inci 5 faɗi. In aka bar kwatan inci a kowane gefe don ɗinki, kowanne zai koma inci huɗu da rabi. A jera 8 a layi, a yi layi 10, sai a sami bargo mai faɗin inci 36 da tsawon inci 45, watau yadi ɗaya da yadi da kwata. Kwatan incin nan shi ne ran aikin. In ya ƙaru nan ya ragu can, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Kowane layi aka gama a bi shi da dutsen guga.

Inda gumi yake shi ne ɗinke rufin uku wuri guda. A shimfiɗa shafin a ƙasa mai tsabta, a ɗora auduga, a ɗora fuska, a miƙe su sarai, sa'an nan a kama su da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, wanda za a zare daga baya. Dalili kuwa, haƙoran keke rufin ƙasa kaɗai suke ja, ƙafar keke tana danne na sama, saboda haka na ƙasa yakan riga na sama tafiya, ɗinki ya tattare. Akwai wata ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da ke jan sama da ƙasa tare, wadda matan Amurka ke ji da ita. Wadda ba ta samu ba kada ta karaya. Tsohuwar Singer ko Butterfly ta takawa tana yin aikin, in an sassauta dannawar ƙafar, an tsawaita ɗinkin, an tafi a hankali. A fara daga tsakiya ana nufar gefe, don duk wani kumburi ya sami hanyar fita. In audugar gurza ce aka shimfiɗa da hannu, kada tazarar layi da layi ta wuce inci 2, in ba haka ba ta yi curin da ta yi mana. Daga ƙarshe a naɗe bakin da siririn ƙyalle ninki biyu.

Yanzu ga maganar da ta fi dukan waɗannan nauyi, ina kuma roƙon iyaye mata su karanta ta sau biyu. Bargon nan ba na lulluɓe jariri yana barci ba ne. Jaririn da bai shekara ba ba shi da ƙarfin ture abin da ya rufe masa hanci, zafi mai yawa kuma haɗari ne gare shi. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce a kwantar da jariri rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba bargo, ba wani abu mai laushi kusa da shi, har ya cika shekara guda. Tun da aka fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a can a 1994, mutuwar farat ɗaya ta jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. Na san yadda muke yi da hunturu. A sa wa yaro riga uku da hula, a lulluɓe shi har ka, a ce kada sanyi ya kama shi. Ƙauna ce, ba shakka, amma in ana tsoron sanyi, a ƙara masa tufa daidai jikinsa, a bar fuskarsa a buɗe.

Saboda haka ni a ganina, wadda za ta ɗinka don sayarwa ko don kyauta, wajibi ne ta faɗi wannan da bakinta ga wadda ta karɓa, ko da za a ce ta cika iyayi. Kada kuma ta maƙala maɓalli, ko dutsen ado, ko igiya, kome kyansu, gama duk abin da yaro ya ciro baki zai kai. Zaren da ya yi saura a datse shi, don yakan naɗe ɗan yatsa.

In an ce to mene ne amfaninsa? Da yawa. A shimfiɗa shi a kan tabarma a ajiye yaro idonsa biyu, uwa tana kallo. A ɗora a cinya ran suna sa'ad da 'yan barka ke karɓarsa hannu hannu. In ya fara koyon zama, a kansa zai yi ta faɗuwa. In ya shekara ya yi ƙarfi, sai ya zama abin rufarsa.

Na biyu da uwargida ta ɗinka ya sha wanki ya fi sau goma bai motsa ba. A cikinsa akwai guntun zanen da surukata ta ɗaura ran bikinmu, da hannun wata tsohuwar rigata da na yi ta nema ban gani ba, sai da na je barka na hange ta a ƙarƙashin yaro.