Wayarka Ta Ce "Chilly", Mutanen Tozai Sun Ce Ɗari

Akwai kalmomin Turanci da muka haddace ba tare da mun taɓa tambayar a wace ƙasa aka auna su ba. "Chilly" na cikinsu. Ƙamus zai ce maka sanyi ne ɗan madaidaici, ya ɗara "cool" amma bai kai "cold" ba, irin wanda zai sa ka ɗauki rigar sanyi amma ba zai hana ka fita ba. Haka aka koya mana tun sakandare, haka muka sake ji a darasin Turanci na ajin farko a nan makaranta. (Kada dai a haɗa ta da "chilli" mai harafin i a ƙarshe, wannan barkono ne, kuma na ga an rubuta ɗaya a madadin ɗaya a allon sanarwa.) Ma'anar ba ta da laifi. Rigimata da ma'aunin take.

A Landan, a watan Janairu, ko da tsakar rana awon yanayi bai cika wuce digiri 8 ba. Mutumin da ya tashi a can, in ya wayi gari a digiri 14, cewa zai yi gari ya yi daɗi. Mu kuwa a Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela, daga Disamba zuwa Fabrairu asuba takan sauko kusa da digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, a jikin da ya saba da digiri 40 da ɗoriya na watan Afrilu. Ɗakunanmu an gina su ne don su fitar da zafi, babu wanda ya gina su don su riƙe ɗumi. Ga iskar Sahara tana shigowa da ƙura ta kowace kafa. To ka je ka sami mai noman rani da ke ban ruwan albasa tun kafin rana ta fito, ko ɗan kabu-kabun da ya yi sammakon kai fasinja kasuwar Illela ranar Lahadi, ko almajiran da suka kewaye wutar kara, ka ce musu ai sanyi ne kaɗan. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tsofaffi na tari, a wannan lokacin ne kuma ake yawan jin gobara saboda garwashin da aka kwana da shi a ɗaki. Wallahi wannan ya wuce "kaɗan".

Abin haushin shi ne mu ne muke rage wa kanmu harshe. Muna fassara "cool", "chilly" da "cold" duka da "sanyi", sai mu kammala da cewa wai Hausa ba ta da kalmomi. Ina! Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san bambancin ɗari da sanyi: ɗari busasshe ne, iska ke kawo shi lokacin hunturu, sanyi kuwa shi ne mai laima, na damina, na ruwan randa, na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Akwai jaura mai ratsa ƙashi. Akwai sanyi-sanyin yamma, akwai ni'imar da ke sauka bayan ruwan farko. Kalmomin nan sun girmi ƙamus ɗin Bargery na 1934, ya tarar da su ne a bakin mutane ya rubuta. In ana neman abin da ya fi kusa da "chilly" a wurinmu, sanyi-sanyi ne ko ɗan ɗari, ba safiyar Janairu ba.

Inda ɗalibi ya fi faɗawa rami kuwa shi ne idan kalmar ta bar yanayi ta koma kan mutum. A wurin Bature, wanda sanyi ya sha kashe kakanninsa, sanyi abokin gaba ne. In ya ce an yi masa "chilly reception", yana nufin an tarbe shi ba yabo ba fallasa, fuska a murtuke, ba wanda ya ce masa zauna. Mu da rana ke gasawa, sanyi alheri ne. Baƙo ya zo, ruwan sanyi ake fara miƙa masa. Uwa ta ce ɗanta sanyin idonta ne. An biya ka bashin da ka fid da rai, ka ce ranka ya yi sanyi. Mai sanyin hali shi ake so a ba aure. Yanzu ka ɗauki ɗalibin da ya je aikin koyon sana'a, aka karɓe shi hannu biyu-biyu, ya zo rubuta rahoton godiya, tunaninsa na tafiya da Hausa, hannunsa na rubuta Turanci. Yana ganin yabo ya yi da ya kira shugaban wurin "chilly", alhali ya ce mutumin ba shi da fara'a. Wanda zai sa masa hannu a takarda kuma shi ne zai karanta.

Ba ina cewa a guji kalmar ba. A jarrabawa, a takardar neman aiki, mu yi amfani da ita yadda masu ita ke yi, domin da ma'auninsu za a duba mu. Amma malaman Turanci su riƙa gaya mana inda aka haifi irin waɗannan kalmomi, jimla ɗaya game da yanayin Ingila ta fi shafi guda na haddar ma'ana amfani. 'Yan uwanmu na Konni, da ke ƙetaren iyaka, su ma haka suke fama da "frais" da "froid" na Faransanci, alhali iska ɗaya ke kaɗa mu.

Sauran aikin namu ne, musamman masu fassara sanarwar ƙungiya da masu burin shiga gidan rediyo. Ranar da hasashen yanayi ya ce "chilly" a kan Sakkwato, kuma za ka maida shi Hausa don mai jego a Tozai ta ji, ka ce za a yi ɗari da asuba, a lulluɓe yara, a fitar da garwashi kafin a kwanta.