Asalin Kalma: Garin da bai ga dutsen niƙa ba

Mai karatu, sitacin da ke ƙandarar da shaddarka, wanda Faransawa ke kira amidon, sunansa daga Latin ya fito: amylum. Rumawa kuma daga Girkawa suka aro shi, ma'anarsa "abin da ba a niƙa ba". Kato, marubucin Rum, ya bayyana yadda ake yin sa wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa: jiƙa alkama ake yi kwana 10, a matse ta cikin sabon ƙyalle, a shanya ruwan a rana. Yau kuwa injin ke markaɗa masara da rogo a fitar da shi. Aiki ya sake, suna bai sake ba. Saboda haka, ɗan kasuwa, kada suna ya ishe ka shaida: duba hajar da idonka.