Buhun shinkafa da rijiya

Duk lokacin da azumi ya ƙarato, ko aka kusa komawa lakwal a watan Oktoba, sai ka ga kamfanoni sun tuna da yaran Damagaram. A kafa rumfa, a jera buhunan shinkafa da katan-katan na littattafai, a sa wa marayu riguna masu tambarin kamfani har gwiwa, mai hoto ya ce su ɗaga kayan sama. Ban raina ba, wanda ya kwana da yunwa ya san darajar tiya guda. Amma ana naɗe rumfar, yarinyar nan da aka ba littafi za ta ɗauki jarka ta shiga layin famfo, ta rasa darasin safe, domin ƙishin ruwan wannan gari ya girmi iyayenta. A ƙauyukan Zermu da Mirya kuwa, aji nawa ne har yau na zana, wanda ruwan farko ke tashinsa? Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ ke aiki a hanyar Tanut, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana na man Agadem, kashi 60 na CNPC ta Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Jihar da ke da irin wannan arziki ta wuce a riƙa auna alherin kamfanoninta, manya da ƙanana, da buhu. A zauna da masu unguwanni da malaman makaranta tukuna, a ji abin da suke so. Na tabbata rijiyar burtsatse za su fara ambata, sannan wanda zai gyara ta ran da ta lalace.