Mubi: A yanke wa uba ciyarwar 'ya'ya da mudu kafin a juya ta Naira

Idan aure ya mutu, kayan ɗaki sukan koma gidan iyayen mace, a yi lissafin sadaki in hul'i ne, kowa ya kama gabansa. Cikin yaro kuwa bai san an yi saki ba. Gobe da safe zai nemi koko kamar yadda ya nema jiya. Daga nan ne tambaya mai wuya take zuwa gaban alƙalan kotunan yanki na Mubi, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Arewa: nawa ya kamata uba ya riƙa bayarwa duk wata?

Yadda aka saba, uwa ta faɗi abin da take kashewa, uba ya kawo kukan halin da kasuwa take ciki, alƙali ya tsaya a tsakani ya ambaci wani adadi na Naira, a rubuta, a tashi. Illar wannan hanya ita ce adadin yana zaune wuri ɗaya, farashi kuwa ba ya zama. A ƙaddara an yanke wa wani uba Naira 10,000 a wata domin 'ya'ya biyu a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga wajen Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwar canji. Zuwa tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Gwamnatin Tarayya da kanta ta yarda tsohon lissafi ya tashi aiki, ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Hukuncin wancan alƙali kuwa yana nan kan 10,000. Uban yana biya a kan kari, babu mai cewa ya saɓa wa kotu, yaran kuma suna kwana da rabin ciki.

A Mubi abin ya fi ciwo, domin garin na bakin iyaka ne. Hatsi da dabbobin da ke shiga kasuwanninsa suna da masu saye daga Kamaru, kuma duk lokacin da Naira ta faɗi, mai sefa a aljihu yakan fi ɗan gari ƙarfin ciniki. Ga kuma tabon ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye garin na 'yan makonni. Jari ya ƙone, iyalai sun watse, mutanen Michika da Madagali da Gwoza da yawa sun sami mafaka a nan ba su koma ba. Bazawara a irin wannan gari ba kullum take da gidan uba mai rumbu da za ta koma ba. Sau da yawa ɗakin haya ne, kuma da ita da yaran ke cikinsa.

Abin mamaki shi ne littattafan da alƙalan nan suke hukunci da su sun riga kowa ganin wannan matsala. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya ɗaure gwargwadon ciyar da iyali da ƙarfin miji, da halin matar, da garin da ake zaune, da farashin kasuwa. Ya kuma bar lokacin biya ya bi yadda mutum yake samu: mai samun kullum ya biya kullum, wani mako-mako, wani wata-wata, wani shekara-shekara. A wurin malaman Malikiyya, asalin abin da ke kan mutum abinci ne da sutura da wurin kwana. Kuɗi madadinsu ne da aka halatta bayarwa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon wadatar mutum, kuma sananne ne cewa da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Ma'aunin shi ne isa.

Saboda haka gyaran ba ya buƙatar sabuwar mazhaba. Alƙali ya fara da rubuta abin da yaro ke ci da sunansa: mudu kaza na masara ko dawa a wata, kwalba kaza ta mai, sabulu, itace ko gawayi, sutura a Sallah ko Kirsimeti, rabon yaro daga kuɗin haya. Sa'an nan a juya wannan zuwa Naira da farashin kasuwar Mubi na ranar, a kuma rubuta a cikin hukuncin cewa za a sake juyawa duk wata shida a gaban magatakarda, ba sai an buɗe sabuwar ƙara ba. Kuɗin makaranta da na asibiti a ware su daban, uba ya biya kai tsaye ya riƙe rasit. Wannan na ƙarshe yana kashe tsohon zargin nan da maza ke fakewa da shi, wai kuɗin 'ya'yansu ne ke sayen zannuwan tsohuwar matarsu.

Shi ma uba yana da haƙƙin a yi masa adalci. Mai keke Napep da ke da wata mata da 'ya'ya huɗu a gida ba za a yanke masa abin da zai mai da waɗancan mayunwata ba, domin su ma 'ya'ya ne. Manomin gyaɗa ya fi iya kawo buhu da kaka a kan a riƙa binsa bashin wata-wata da damina. Dillalin shanu a karar Mubi, wadda tireloli ke ɗauka daga cikinta zuwa Kudu, ba shi da takardar albashi, amma sarkin kasuwa da abokan sana'arsa sun san la'adarsa, kuma kotu tana da ikon kiran shaida. Abin da bai kamata a karɓa ba shi ne barazanar da aka fi ji: in ana son in ciyar, a ba ni 'ya'yana. A Malikiyya reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, kuma in uwar ta sake aure yakan koma hannun kaka ta wajen uwa kafin ya kai ga uba. Bisa mashhurin zance, ba a biyan uwa ladan renon. Wanka da wanki da kwanan zaune a kan mai zazzaɓi su ne kasonta, kuma ta riga ta biya.

Ma'aikatan Tarayya su ne suka fi sauƙin lissafi, kuma su ne suka fi sauƙin ɓacewa. Mutum ya yi aure a Mubi lokacin da aka tura shi aiki can, a yi masa canji zuwa Abuja, sammacin kotun yanki ya rasa inda zai same shi. Alhali albashinsa yana bi ta tsarin IPPIS na ofishin Akanta Janar, inda ake cire kashi 8 cikin 100 na fansho, a cire kuɗin ƙungiya, a cire bashin da ya ci, duk kafin kuɗin ya taɓa asusunsa. Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ta tanadi umarnin cire kuɗin ciyarwa daga albashi, sai dai ta taƙaita ga auren rajista, ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba, waɗanda su ne mafi yawa a Adamawa. Ɗan auren rajista yana da ƙofar da ɗan auren sadaki ba shi da ita, kuma 'yan majalisa da hadimansu da ke tsara ƙudurori su ne ke da mabuɗin.

Wasu ƙasashe sun rage wa alƙali wannan nauyi. A Birtaniya ƙa'idar asali ita ce kashi 12 cikin 100 na abin da uba ke samu domin yaro ɗaya, 16 domin biyu, 19 domin uku ko fiye, tare da rangwame in yana riƙe da wasu yaran a gidansa. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 wanda ke biyan uwa idan tsohon miji ya ƙi bin hukunci, sa'an nan hukuma ta bi shi bashin. Kason albashi zai dace da ma'aikacin gwamnati. Mudu zai dace da ɗan kasuwa da manomi. Babban Jojin Adamawa da Alƙalin Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Yola suna iya haɗa biyun a takardar jagora guda ga kotunan yanki, tun kafin majalisa ta motsa.

Akwai kuma abin da ya rage ga dangi. Idan bazawara ta ce za ta kai ƙara, kawu da baffa sukan ce ta yi haƙuri, kada ta tona asirin uban 'ya'yanta, sai a shekara biyu ana sulhun zaure. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa a Malikiyya ciyarwar yaro ta watannin da suka shuɗe tana faɗuwa daga kan uba, ko da mai wadata ne, sai fa in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya tabbatar cewa da niyyar a biya shi ya yi. Matar da ta sayar da akuyarta da kwanukanta ta ciyar shekara biyu ba tare da shaida ba tana iya zuwa kotu ta tarar lissafinta zai fara ne daga ranar da alƙali ya yi hukunci.