Jinyar Waje, Ciwon Gida

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan magana ta tabbata a kan matasan Nijeriya masu koyon aikin jinya domin fita waje.

A shekarar 2020 Birtaniya ta buɗe wata biza ta musamman domin ma'aikatan lafiya, a 2022 kuma ta shigar da masu kula da tsofaffi cikinta. Nan da nan matasa suka yi tururuwa zuwa koyon aikin. Sai ga shi a watan Maris na 2024 an hana masu kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuwa aka daina ɗauko sababbi daga waje.

Alhali kuwa Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta a 2023 saboda ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Neman halaliya ba laifi ba ne. Amma ƙofar wani, mai ita ke rufe ta ranar da ya ga dama. Wajibi ne hukuma ta kyautata albashi da kayan aiki a asibitocin gida, domin wanda aka horar ya sami dalilin zama.