Ciwo ɗaya, magani biyu: Yadda aljihu da launin fata ke raba masu raunin gwiwa a Amurka

A watan Oktoban 2020 jijiyar gwiwar Virgil van Dijk ta tsinke a wasan Liverpool da Everton. Cikin makonni kaɗan aka yi masa tiyata, ƙwararru suka dafe shi, ya dawo fili a farkon kakar da ta biyo baya. Wannan jijiya, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙauri zamewa gaba daga ƙashin cinya. Idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba, kuma ɗan wasa kan ɗauki watanni 9 zuwa shekara kafin ya murmure bayan tiyata.

Van Dijk baƙar fata ne, amma kuɗin kulob ya share masa hanya. Yaron makarantar sakandare a unguwar talakawa a Amurka ba shi da wannan gatan. Binciken likitocin ƙashi a ƙasar ya sha nuna cewa yaran da ke kan Medicaid, wato inshorar gwamnati ta marasa galihu da aka kafa a 1965, sun fi jira kafin a ɗauki hoton MRI ko a yi musu tiyata, idan aka kwatanta da masu inshorar kamfanoni. Dalili a bayyane yake: Medicaid na biyan likita ƙasa da abin da kamfanoni ke biya, don haka da yawa ba sa karɓar masu ita. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka kuwa sun fi dogaro da ita fiye da fararen fata.

Jiran nan ba ƙaramar illa ba ce. Gwiwar da ba ta da jijiya tana ta gocewa, kowace gocewa kuma na iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Raunin da tiyata ɗaya za ta gyara sai ya rikiɗe ya zama amosanin gaɓɓai tun mutum bai tsufa ba. Ga yaron da ya ɗora burinsa na shiga jami'a a kan tallafin wasanni, jinkirin watanni na iya zama ƙarshen karatunsa.

Wasu za su ce batun talauci ne kawai, launin fata bai shigo ba. Sai dai wani bincike na Jami'ar Virginia a 2016 ya gano cewa kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa da aka tambaya sun yarda da aƙalla camfi ɗaya, kamar cewa fatar baƙi ta fi ta fari kauri. Waɗanda suka yarda da haka sun fi raina zafin ciwon baƙar fata. Likitan da ya raina kukan yaro zai iya sallamarsa da maganin ciwo maimakon tura shi hoto.

Gyaran ba sai an ƙirƙiro sabuwar fasaha ba, domin tiyatar ta daɗe da zama ruwan dare. Abin da ake buƙata shi ne a ƙara kuɗin da Medicaid ke biya, a sa ƙwararrun masu kula da rauni a makarantun talakawa, a biya kuɗin gashin ƙashi har ƙarshe, sannan asibitoci su riƙa bayyana tsawon jiran kowane rukuni na marasa lafiya. Muddin katin inshora ne ke yanke wanda zai fara ganin likita, gwiwar talaka za ta ci gaba da lalacewa a layi.